Jawabi a taron ƙungiyarmu ta Hausawan Kolorado kan rangwamen harajin motocin lantarki

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam shugaba, iyayenmu mata, dattawa, ƴan uwa na Aurora da Denver da waɗanda suka taso daga nesa, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

An ba ni minti kaɗan in yi magana akan wannan kuɗin da jihar Kolorado ke rage wa wanda ya sayi motar lantarki ko ya ɗauke ta haya, wato lis, kuma na roƙi a ba ni lokacin ne saboda abin yana ta raguwa muna zaune, da yawanmu ma ba su san akwai shi ba, alhali harajin da ake yanka a albashinmu duk sati biyu ne ake yin abin da shi.

Rangwamen gwamnatin tarayya dai ya tafi. Dala 7,500 ɗin nan na sabuwar mota da 4,000 na ta hannu, an rufe su ranar 30 ga Satumba 2025. Saura na jiha. A 2023 Gwamna Jared Polis ya sa hannu a dokar da ta kai shi dala 5,000, a 2025 ya sauko 3,500, kuma daga 1 ga Janairu 2026 ya koma 750 kacal. Amma in farashin da kamfani ya sa wa motar bai kai dala 35,000 ba akwai ƙarin 2,500 a kai, toh kun ga ƙananan motoci irin namu su ne suka fi cin moriyar abin. Wadda ta haura 80,000 ba ta ciki sam. Dole motar ta zama sabuwa, a yi mata rajista a nan Kolorado, ko mai batir zalla ko mai haɗa fetur da batir amma wadda ake jona wa caji, Prius ɗin nan ta da wadda ba ta da wajen jonawa ba ta ciki dan Allah kar dila ya ruɗe ku. In lis ne kuma sai ya kai shekara biyu.

Abin da ya fi burge ni shine ko ba a bin ka harajin da ya kai yawan kuɗin, jiha za ta biya ka ragowar, mai aikin sito ko mai kula da tsofaffi shi ma yana da rabo. Za ka iya cika fam DR 0617 lokacin fayil ɗin haraji, ko ka sa hannu ka bar wa dila ya cire maka daga farashi nan take. In ka zaɓi na biyun ka sa yatsa akan takardar ka ce ya nuna maka layin da aka cire, kar ka yarda da "ai mun sa a ciki".

Sai shirin Vehicle Exchange Colorado, wanda a ganina shine namu na gaske. In abin da gidanku ke samu bai wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin samun yankinku ba, kuma kana da tsohuwar mota mai shekara 12 ko fiye, ko wadda ta faɗi gwajin hayaƙi, za ka miƙa ta a rage maka kuɗin motar lantarki, a watan Nuwamban 2025 aka ƙara shi zuwa dala 9,000 a sabuwa ko 6,000 a ta hannu. Ku leƙa fakin a waje yanzu ku ƙirga tsofaffin Camry da Corolla nawa ne. Sai dai ana nema ne a samu amincewa kafin a je wajen dila, ba bayan an saya ba.

Yanzu ƴan uwana masu Uber da Lyft, da ku nake, don ku na fi ji wa tsoro. A 2024 an yi ta tallar lis ɗin Nissan Leaf dala 19 a wata a jihar nan, kowa ya ji ransa ya biya. Amma lis yana da iyakar mil, yawanci 10,000 zuwa 12,000 a shekara, duk mil ɗin da ya ƙaru sai ka biya a ƙarshe, kai kuma da kake zirga-zirgar filin jirgin Denver safe da yamma kafin rabin shekara ka cinye shi, ranar maida mota a miƙo maka bil ɗin da ya ninka rangwamen. Wasu takardun lis ma sun hana yin haya da motar gaba ɗaya. Wallahi in sana'arka tuƙi ce gara ka saya, ko ta hannu ce.

Sannan caji. Mai gida da gareji ya huta, ya jona da dare ya kwanta, ya kuma tambayi kamfanin wutar lantarki Xcel Energy ko suna da tallafin sa caja. Amma mu ƴan afatmen fa? Cajar sauri ta waje ta fi ta gida tsada sosai, ga sanyin Janairu yana rage tafiyar batir, kana kunna hita kana kallon mil yana zubewa. Akwai kuma ƙarin kuɗin rajista na motar lantarki duk shekara, sannan ka kira inshora su faɗa maka nasu kafin ka sa hannu. Maganar ruwa a bashin mota ko lis kuwa ga malam nan, a same shi, shi ya fi ni sani.

Kar kuma a ɗauka abin zai dawwama. Jihar Jojiya a da tana ba da dala 5,000, a 2015 suka soke shi suka ɗora wa masu motar dala 200 a shekara. Don haka wanda dama yana da niyyar canza mota ya yi lissafinsa da wuri, wanda kuma motarsa lafiya lau take kar ya ɗauko bashi don rangwame.

Bayan sallar la'asar zan zauna a tebur ɗin baya da kwamfuta, duk mai so ya zo da takardar motarsa da ta harajin bara mu duba tare. Hajiyoyi ku ma ku zo, ko ku turo yaran. Na gode, wassalamu alaikum.