Gumakan tsibiran Girka: daga wane kabari aka tono su?

Masu sauraro, a birnin Atina na ƙasar Girka akwai wani gidan tarihi da aka buɗe a 1986 da kayan da attajiri Nicholas Goulandris da matarsa Dolly suka fara tarawa tun shekarun 1960. Abin da ya fi jan masu ziyara shi ne ƙananan gumaka na farin dutsen marmara daga tsibiran Saikiladis, waɗanda aka sassaƙa fiye da shekaru 4,000 da suka wuce, galibinsu siffar mata, hannaye naɗe a ƙirji, fuska kuwa babu komai sai hanci. Iyalan sun cancanci yabo, domin sun riƙe kayan a cikin ƙasarsu, sun kuma buɗe wa jama'a ƙofa. Amma tambayar da ake kauce mata tana nan daram: daga wane kabari aka tono kowane gunki?

Mafi yawansu babu mai iya amsawa. Binciken David Gill da Christopher Chippindale na 1993 ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan gumaka da aka sani ba su da tabbataccen asali. Tun da masu zane na Turai irin su Picasso suka nuna sha'awarsu, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, ɓarayi kuma suka bi kaburbura da diga da shebur, suka wawashe wurare irin su tsibirin Keros. Gunkin da aka raba da kabarinsa ya zama bebe, domin ba zai faɗa mana ko da mace aka binne shi ko da namiji ba, balle ya bayyana dalilin da ya sa aka shafa masa launi a fuska, wanda har yau ana ganin burbushinsa a jikin wasu.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yarjejeniyar 2022, wadda majalisar dokokin Girka ta amince da ita a kan kayan tarihin Saikiladis 161 da attajirin Amurka Leonard Stern ya tara. An ce kayan mallakar Girka ne, amma za su zauna a gidan tarihin Metropolitan na New York a matsayin aro na shekaru 25 da za a iya sabuntawa, bayan da aka baje kolin 15 kacal a wannan gida na Atina. Masana kayan tarihi na Girka sun yi ta ƙorafi, gwamnati ta toshe kunnuwanta.

Masu kare yarjejeniyar suna cewa da babu gara ba daɗi, tunda shari'a tana cin lokaci da kuɗi. Wannan hujja ba ta riƙe ruwa, saboda kowane mai saye ya ji saƙon sarai: sayi ba tare da tambaya ba, wata rana gwamnati za ta wanke maka kayan, har a rubuta sunanka a bango. Mu ma mun ɗanɗana, lokacin da Faransa ta amince cewa gumakan Nok da ta saya na Najeriya ne, sannan ta ci gaba da riƙe su a matsayin aro na shekaru 25.

Duk gidan tarihin da aka gina a kan kayan mutum ɗaya wajibi ne ya wallafa tarihin kowane abu, wa ya sayar, a wace shekara, daga wane tsibiri. Inda amsa ta ɓace, a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin gilashin da aka ajiye gunkin.