Waƙa ɗaya, murya huɗu: yadda ake rera Erlkönig

Ku saurari bugun fiyanon da ke buɗe waƙar Erlkönig, wato sarkin aljanun daji. Sukuwar doki ce cikin dare. Uba ne rungume da ɗansa yana sauri ya kai gida, yaron kuma yana cewa ga sarkin aljanun daji can yana kiransa. Goethe, marubucin waƙoƙi Bajamushe, shi ne ya rubuta baitocin a 1782, Franz Schubert, mai tsara kiɗa ɗan Austriya, ya ɗora musu kiɗa a Viyana a 1815, yana ɗan shekara 18.

Wahalar waƙar ita ce mutum huɗu ke magana a cikinta, mai ba da labari, uba, ɗa da aljani, amma mawaƙi ɗaya ne zai fito da su duka. A nan ake gane gwani.

Ku saurari yadda mawaƙi Bajamushe Dietrich Fischer-Dieskau ya rera ta, da Gerald Moore a kan fiyano. Ku lura da inda aljanin ya fara magana. Sai ya sassauta murya, ya sa mata zaƙi kamar mai lallashin yaro da alewa, har ka ji tsigar jikinka ta tashi. Uban kuwa murya ƙasa-ƙasa, yana ƙoƙarin kwantar wa ɗansa hankali alhali nasa a tashe yake. Sai kuma Jessye Norman, mawaƙiya Ba'amurkiya. Ita ƙarfinta yana wajen kukan yaron. Schubert ya tsara shi ta yadda duk kiran da yaron zai yi wa babansa sai ya fi na baya tashi sama, kuma a bakinta kiran ƙarshe yana soka zuciya. Ni dai na fi karkata ga Fischer-Dieskau, domin aljanin da ke magana da taushi ya fi ban tsoro.

Shi kansa Schubert sau huɗu ya rubuta waƙar. A ɗaya ya rage saurin bugun hannun dama, saboda yana gajiyar da makaɗi ƙwarai. Ta huɗun aka buga a 1821, ita ce kuma aka fi ji yau.

Kada ku tsallake ta Carl Loewe, mai tsara kiɗa Bajamushe, wanda ya yi wa baitocin nasa kiɗan a zamanin Schubert. A wajensa dajin ne ke kaɗawa, aljanin kuma yana maimaita karin murya guda, a hankali, ba ya gaggawa. Ku sa tasa da ta Schubert a jere, ku fara da Loewe.