Faɗuwar Gaba da Tsoron Ciwon Zuciya a Shekarun Ɗaukewar Haila

Wannan lacca ce da wata likitar mata ta gabatar wa Hausawa mazauna Makka a wani zaman mata, aka ɗauka a waya, aka rubuta.

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ƙorafin da na fi ji daga bakin matan da suka haura arba'in da biyar shi ne: "Likita, gabana ke faɗuwa, zuciyata kamar za ta fito." Galibi cikin dare abin yake zuwa. Mace ta farka jiƙe da gumi duk da sanyin na'urar ɗaki, ƙirjinta yana dukan uku-uku, numfashi yana sarƙewa, yatsu suna tsukewa, har ta fara kalmar shahada don ta yi imani ajali ne ya zo. Gari na wayewa kuma sai ta ɓoye, don kada a ce iska ce ta taɓa ta.

Haila takan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma sai an cika wata 12 ba a ga jini ba muke cewa ta ɗauke. Amma tun shekaru kafin nan sinadarin mata da ake kira istirojin yake fara hawa da sauka ba bisa tsari ba, kuma wannan rikicewar ce take kawo zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da saurin bugun zuciya. Barci ya lalace, haƙuri ya ragu. A garin da zafin bazara yake wuce digiri 40, ba mamaki mace ta ɗora laifin a kan rana, ta shekara tana wahala ba ta faɗa wa kowa ba.

Firgicin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya lafa da kansa, kuma shi kaɗai ba ya kisa. Abin da ke ƙara masa ƙarfi tsoro ne: an ji bugu, an tsorata, tsoro ya ƙara bugun. Sai dai ban yarda mace ta yanke wa kanta hukunci a kan tabarmarta ba, domin bayan ɗaukewar haila kariyar da istirojin yake bai wa jijiyoyin jini tana raguwa, kitsen jini yakan hau, hawan jini da ciwon suga su sami ƙofa. Saboda haka a je a duba sau ɗaya, dubawa ta sosai: awon jini, wanda 140 bisa 90 ko sama yake nuna hawa, gwajin suga da kitse, awon bugun zuciya da na'ura, da gwajin ƙarancin jini da na ƙullin wuya mai kawo maƙoƙo, don su biyun nan suna sa zuciya gudu ƙwarai.

Akwai alamun da ba a jira da su. Nauyi ko matsi a ƙirji da ya ƙi sauka, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, haki, tashin zuciya, ko suma, musamman idan sun zo lokacin aiki ko hawan bene ko ɗawafi. A nan sai a kira motar ɗaukar marasa lafiya ta hukumar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar a lamba 997 nan take. Mata da yawa ciwon zuciyarsu ba ya zuwa da tsananin ciwon ƙirji kamar na maza, shi ya sa ake makara. Idan shawara kawai ake nema, akwai layin ma'aikatar lafiya, 937.

To, idan an duba an ce zuciya lafiya lau, Hajiya ki yarda da sakamakon, ki daina yawon asibiti kowane mako. In abin ya taso ki zauna, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida. Carbinki yana taimakawa: kowace ƙwaya numfashi ɗaya. Ki rage gahawa da shayi bayan la'asar, har da goro, wanda na san iyayenmu ba su son a taɓo zancensa, amma sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa. Ki yi tafiya minti 30 kwana biyar a mako, bayan asuba ko bayan isha'i da gari ya huce, ya zama minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Wadda firgici ya hana ta fita ko barci, akwai jinyar tattaunawa da likitan ƙwaƙwalwa, akwai magunguna, akwai kuma maganin mayar da sinadarin da ya ragu, wanda ya fi dacewa da wadda ba ta kai 60 ba, kuma ba a ba wadda ta taɓa kansar nono ko daskarewar jini sai da nazari. Addu'a da shan zamzam ba su hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yanzu zan karɓi tambayoyi, wadda take jin nauyi ta rubuta a takarda ba suna ta miƙo.