Gwajin ƙasa kafin cafke roka: lacca daga Garwa

An gabatar da wannan lacca ga ɗalibai masu koyon aikin injiniya a Garwa, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum, malamaina da ƙannena ɗalibai. Da yawanku kun kalli hoton bidiyon ranar 13 ga Oktoba 2024, lokacin da gangar roka mai suna Super Heavy, wato sashen ƙasa na rokar da ke cilla ta sama, ta dawo daga sama a Boca Chica ta jihar Texas a Amurka, hannaye biyu na ƙarfe suka rungume ta a jikin hasumiya. Tashinta da dawowarta kusan minti bakwai ne, amma ni abin da nake so mu duba yau shi ne shekarun gwajin da kamfanin SpaceX ya yi a ƙasa kafin wannan rana.

Gangar nan tsawonta ya kai mita 70, faɗinta mita 9, tana ɗauke da injuna 33. Ba a yi mata ƙafafun sauka ba, domin ƙafafu nauyi ne da za ta yi ta dako zuwa sama da dawowa, sai aka mayar da aikinsu kan hasumiya. Abin da ke riƙe ta ƙananan ƙarafa biyu ne da suka fito a kafaɗarta kamar kunnuwan tukunya, su ne ke sauka a kan hannayen. Hannayen kuwa igiyar ƙarfe ce ke hawa da sauka da su, da injin naɗi irin na masu haƙar man fetur, wanda duk wanda ya yi aiki a rijiyoyin Doba na ƙasar Chadi ya sani.

A watan Janairu 2022 aka rataya wa hannayen manyan jakunkunan ruwa, kamar salka amma kowace na cin tan masu yawa. Ku lura da hikimar zaɓen ruwa. Ana zuba shi kaɗan-kaɗan, injiniya yana duban awo yana ganin yadda ƙarfe ke lanƙwasa da yadda walda ke jurewa, kuma idan wani abu ya fara bayarwa sai a buɗe a zubar, ba a yi asarar roka ba, ba a jefa kowa cikin haɗari ba. Na taɓa tsayawa bakin rijiya ina kallon wani dattijo mahaƙi ya ɗaura buhun yashi a sabuwar igiya, ya zura, ya fizga sau uku, yana bin kowane ƙulli da yatsa, kafin ya yarda ɗansa ya sauka. Tunanin guda ne.

Sai dai ɗaukar nauyi a tsaye rabin aiki ne, domin roka mai dawowa tana motsi, tana feshin wuta, iska na kaɗa ta. Shi ya sa a watan Yuni 2024 aka kafa wani guntun tanki mai faɗin gangar, aka dinga rufe hannayen a kansa da sauri, ana auna ƙarfin bugun da kuma ko hannayen za su tsaya cak ko za su yi ta lilo. Wannan gwaji ne ya fi burge ni, saboda hannu mai nauyi haka wuyarsa tsayawa, ba tashi ba.

Ranar 19 ga Nuwamba 2024, a tashi na shida na gwajin wannan roka, na'urorin da ke duba lafiyar hasumiya suka gano matsala bayan rokar ta tashi, sai aka fasa cafkar, gangar ta karkata ta sauka a tekun Meziko. Wasu sun kira wannan gazawa, ni ban yarda ba, domin an tsara tun farko cewa gangar ba za ta nufo hasumiya ba sai dukkan sharuɗɗa sun cika kuma shugaban tashi ya ba da izini da kansa. Aka ƙara wa na'urorin hasumiyar kariya, aka sake gwaji, sannan aka cafke ganga ranar 16 ga Janairu 2025, aka kuma maimaita ranar 6 ga Maris. Wadda aka cafke a Janairun ita ce aka sake harbawa ranar 27 ga Mayu 2025.