Lacca: Inda ilimi ya tsaya sa'a ta karɓa a gasar kacici-kacici ta talabijin

Jama'a, barkanmu da warhaka. Na san da yawanku kun kalli Who Wants to Be a Millionaire, shirin da tashar ITV ta fara a Ingila a 1998, ya iso Najeriya a 2004 da Frank Edoho a kujerar mai gabatarwa. Abin da muke kira sa'a a shirin nan, zama aka yi aka auna shi da mudu.

A tsarin shirin na farko, tambayoyi 15 ne, kowace da amsa huɗu, ɗaya ce daidai. Wanda bai san komai ba, in ya yi canki-canka, damarsa ɗaya ce cikin huɗu. Sai aka ba shi agaji uku: kwamfuta ta cire masa amsa biyu na ƙarya, ko ya kira aboki a waya na daƙiƙa 30, ko ya nemi ra'ayin 'yan kallo. Kowane sau ɗaya tak, in ka ƙone shi da wuri ka shiga uku a gaba.

To, ku ba ni hankalinku nan, don nan ne zuciyar maganar. An kafa tudun mun tsira guda biyu. A tsarin Ingila na farko, tambaya ta 5 fam 1,000 ce, ta 10 kuma fam 32,000. Wanda ya haye ta 10, wannan kuɗin ya shiga aljihunsa. Ta 11 fam 64,000 ce, kuma ko ya faɗi ba zai rasa ko kwabo ba. Saboda haka duk wanda ya tashi a wurin bai gwada ba, wallahi ya cuci kansa.

Amma ku dubi ta 15. Mutum na riƙe da fam 500,000. In ya dace, miliyan ɗaya. In ya kuskure, ya gangaro 32,000, fam 468,000 sun bi ruwa. Zaɓi huɗun ne dai, amma yanzu sai ya tambayi kansa: na sani ne, ko ina jin kamar na sani? Wannan tambayar ta fi wadda ke kan allo wuya. Judith Keppel ce ta fara cin miliyan ɗin a Ingila a Nuwamba 2000, bayan ta amsa cewa Sarki Henry na Biyu na Ingila ne mijin Sarauniya Eleanor ta Aquitaine. A Najeriya kuma Aroma Ufodike ya kwashe naira miliyan 10 a 2009.

Har wannan shirun da mai gabatarwa yake yi, da gangan ne. An rage fitilu, kiɗa na bugawa kamar bugun zuciya, ɗan takara ya riƙe kofin ruwa hannunsa na rawa. Sai a kalle shi a ce, "Amsarka ta ƙarshe ke nan?" Da ya ce e, an kulle, babu komawa.