Sunan Shafin Kasuwancinka: Wanda Kunne Zai Riƙe, Yatsa Ya Buga Daidai

Assalamu alaikum 'yan kasuwa, barkanmu da wannan lokaci. Yau zancenmu a kan sunan shafi ne, wato adireshin da mutum zai buga a wayarsa ya faɗo kai tsaye cikin shafin kasuwancinka na intanet. Masu harkar suna ce masa domen.

A Kano, da baki ake ciniki. Mai atamfa a Kantin Kwari saƙon murya yake tura wa kwastomarsa ta Maraɗi. Dillalin riɗi a Dawanau a waya yake gama magana. Talla kuwa a rediyo ake jin ta, galibi mutum yana cikin adaidaita sahu, ga hon ga hayaniya. To sunan shafinka ma ta nan zai bi: daga bakinka zuwa kunnen wani, daga kunnensa zuwa yatsansa. Duk sunan da ya ɓace a wannan tafiyar, komai kyansa a jikin allon shago, bai yi maka aiki ba.

Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, yi wannan gwajin. Kira yaron shagonka, ko ke Hajiya kira ƙanwarki, a faɗa musu sunan sau ɗaya tak, a ce su rubuta su turo. Kada a maimaita, kada a jero musu haruffa. A gwada da mutum uku ko huɗu, har da wanda bai yi nisa a boko ba. In rubutun ya zo iri ɗaya, madalla. In kowa ya kawo nasa, a sake lale.

Me ke kawo saɓanin? Na farko, sunayenmu kansu. Muhammad ne, Mohammed ne, ko Muhammed? Alheri ko Alkhairi? Atamfa ko atampa? A fatar baki duk ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san wannan zumuncin ba. Harafi ɗaya ya kauce, mutum ya faɗa shafin wani, ko ya ga babu komai ya ɗauka ka rufe harka. Na san da yawa suna son sa sunan mahaifi don albarka, kuma abu ne mai kyau. Sai dai in sunan yana da rubutu kala uku, bar shi a jikin allo da rasit, ka nemi wata kalmar don adireshi.

Na biyu, abin da adireshin yake karɓa. Haruffan boko ne daga a zuwa z, da lambobi daga 0 zuwa 9, sai karan ɗori, wato alamar (-), shi ma ba a farko ba, ba a ƙarshe ba. Babu tazara tsakanin kalmomi, babu alamar da muke sawa a 'ya'ya ko sana'a, kuma babban baƙi da ƙarami duk ɗaya ne. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, akwai tsarin da ke ba da damar haruffan wasu harsuna, amma ba ko'ina ake karɓarsu ba, kuma wayoyin kwastomominka da yawa ba a saita su da su ba. Don haka ka rubuta sunan da haruffa miƙaƙƙu, kalmomin a manne, ka karanta da ƙarfi. Ɗinki in ya koma dinki kowa zai gane. Amma mai sayar da kayan noma da ya sa ƙasa a sunansa, a adireshi kasa zai gani, kuma ba ɗan kasuwar da ke son a ce ya kasa.

Karan ɗori da lamba an yarda da su, amma ni dai ban ba da shawararsu ba. Ka ce wa mutum "huɗu" a waya, sai ya tambaye ka, lamba ko rubutu? Tsawo kuma, an ba ka har harafi 63, amma kalma biyu ta isa. Wannan jerin da muke yi na "wane da 'ya'yansa janar entafirais Najeriya limited" a bar wa takardar rajista. Ko Facebook da thefacebook.com ya fara a 2004, a 2005 suka biya dala 200,000 don kawai su yar da haruffa ukun farko.

Sannan kada ka ɗaure kanka. Yau shadda kake sayarwa, baɗi ka ƙara leshi da takalma da turare. Yau kana layi kaza a Kwari, gobe ka buɗe reshe a Zoo Road. Amazon da littattafai ya fara a 1995, kuma da sunan ya ƙunshi littafi, da ya zame musu ƙarfen ƙafa. Sa "kano" a suna kuwa ba laifi, yana ma ƙara yarda ga mai saye daga Legas ko Yamai da ya san nan ce cibiyar kaya. Lambar shago da sunan layi ne ba su dace ba.

Sai wutsiyar sunan. .com ya fi kowa shahara, yana nan tun 1985, kamfanin Verisign na Amurka ke kula da shi, kuma asalin farashinsa da dala ne, don haka duk sanda naira ta motsa za ka ji a jikinka ranar sabunta rajistar sunan. Namu na gida shi ne .ng, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ke riƙe da shi. A ƙarƙashinsa akwai .com.ng na 'yan kasuwa, wanda ya fi .ng zalla araha, kuma da naira ake biya ta hannun kamfanonin da NiRA ta amince da su. .gov.ng na gwamnati ne, .edu.ng na manyan makarantu, ba naka ba ne. In kasuwarka a gida take, .com.ng ya wadatar. Amma duba ko wani ya riga ka kama irin sunan a .com, don mutane suna yawan manta ng ɗin ƙarshe, sai ka yi talla wani ya kwashi ciniki. In duka biyun suna nan kuma da hali, kama su tare, ka sa ɗaya ya riƙa tura mutane zuwa ɗayan. A zama guda kuma ka leƙa Instagram da TikTok da Facebook ka ga ko sunan yana nan.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban, rajistar adireshi daban; samun ɗaya bai ba ka ɗayan ba. Kuma ku masu waya a Farm Centre, kada ku cusa Tecno ko Samsung a adireshinku. Tun 1999 ICANN, hukumar da ke tsara sunayen intanet a duniya, take da hanyar da mai tambari zai kai ƙara a karɓe sunan, NiRA ma tana da tata.

Saura inda aka fi cutuwa. Adireshi ba saye ake yi ba, haya ce kamar ta rumfar kasuwa, shekara-shekara, kodayake a .com kana iya biyan har shekara 10 gaba. Yawanci wani matashi ake ba wa aikin haɗa shafi, shi kuma don sauƙi sai ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Ba lallai da mugun nufi ba. Amma ranar da kuka saɓa, ko ya tafi bautar ƙasa ya canja layi, a takarda shi ne mai suna, ba kai ba. Don haka Alhaji, ka zauna kusa da shi ranar rajista: sunanka, imel ɗinka, lambar wayarka, kalmar sirri a hannunka. Ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, ka tabbata katin bankin da ka sa bai kusa mutuwa ba. In wa'adi ya wuce ana ɗan ɗaga ƙafa, daga nan sai an biya tara kafin a dawo da shi, bayan haka a sake shi kowa ya iya kamawa, kuma akwai masu zaman jiran irin waɗannan sunayen don su sayar wa mai su da tsada.