Barci, Shayin Dare da Kwanciyar Hankali

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Gombe, teburin mai shayi a Tudun Wada cike yake maƙil. Ana ta ɗaura shayi mai kauri, wani na ɓara goro, kowa idonsa na kan waya. Da asuba kuma a tashi sallah, a kama hanyar kasuwa. To, awa nawa aka runtsa?

Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. In ya yi ta gaza haka kwana da kwanaki, haƙuri ne ke fara ƙarewa. Magana kaɗan sai faɗa, ga mantuwa, ƙaramar matsala ta tsaya maka a rai ta ƙi wucewa. Shayi, kofi, goro da lemon ƙara kuzari duk suna da sinadarin da ke korar barci, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jininka. Kofin da ka sha bayan isha'i bai gama aiki ba har tsakar dare. Mayar da shi safe, ko kafin la'asar. Waya kuma a jona ta nesa da katifa, in an dace da wuta.

Sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Ka sauka daga keke napep kafin a iso layinku, ka ƙarasa da ƙafa.

Zama da mutane ma magani ne, amma ba kowace majalisa ba. Ka nemi mutum ɗaya da za ka ce wa "ina cikin damuwa" ba tare da ya mayar da kai abin tsokana ba. Uwargida da ke wuni da yara a cikin gida, ita ma tana buƙatar wannan.

Idan baƙin ciki, rashin barci ko rashin sha'awar komai ya wuce mako biyu, kar a nufi kemis neman tramadol. Addu'a da ganin likita ba sa karo. Tun 2023 Najeriya na da sabuwar dokar kare haƙƙin masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na duba irin wannan. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.